Zinariyar da Ta Zubar da Ruwa

Akwai wata yarinya 'yar shekara goma da ke zaune da iyayenta a gonar tumaki kusa da garin Dunolly. Yarinyar nan ba ta iya zama wuri ɗaya. In tana cin abinci, ƙafarta na rawa. In tana karatu, idonta na kan taga.

Ranar Kirsimeti kakanta ya ba ta tsohuwar na'urarsa ta gano ƙarfe. Sanda ce doguwa mai faifai a ƙasa. In faifan ya wuce ta kan ƙarfen da ke binne, sai ta yi ƙara.

Murna kamar ta tashi sama. A Dunolly kowa yana da labarin wani da ya taɓa tono zinariya.

"Kaka, tashi mu tafi yanzu!"

Kaka ya yi dariya. "Uwar gaggawa ke nan. Sai Asabar. Zan kai ki tsohon rafi in koya miki."

"Asabar? Yau fa Talata!"

"Asabar ɗin dai. Kuma kada ki tona ko'ina sai kin tambaye ni. Akwai abubuwa a ƙasar gonar nan da ba ki sani ba."

Ta ce to, amma hankalinta na kan na'urar.

Ranar Laraba ta wuni tana zagaya gida. Ta gwada na'urar a kan cokali. Ta gwada ta a kan sarƙar kare. Ta tambayi mamarta sau biyar ko kwana nawa ya rage.

"Ke dai Allah ya shirye ki," in ji Mama. "Zauna mana ki huta!"

Ranar Alhamis da safe Kaka da Mama suka tafi gari. Baba da yayanta Lachlan suna can suna gyaran shinge. Yarinyar ta dubi na'ura, ta dubi shebur. Ta zauna, ta tashi, ta sake zama.

"Rami ɗaya kawai," ta ce wa kanta.

Ta nufi bayan rumfar da ake aske tumaki. Rana ta riga ta yi zafi, ciyawa duk ta bushe. Wata uku ke nan ba a yi ruwa ba.

Na'ura ta yi ƙara. Ta tona, sai ƙusa. Ta sake tonawa, sai murfin kwalba. Lachlan ya zo ɗaukar waya, ya gan ta.

"Sannu, mai zinariya! A ajiye mini murfi ɗaya, ka ji manya."

"Za ka gani ne!"

"Kaka ya san kina nan?"

"Ina ruwanka?"

Ya ɗaga kafaɗa ya tafi.

Can kusa da wata bishiyar turare na'urar ta yi ƙara mai ƙarfi.  Ta shiga tono da sauri, ƙasa na tashi ta ko'ina. Sai ga wani abu rawaya yana ƙyalli.

"Zinariya!"

Ta ja da hannu, ya ƙi fitowa. Ba ta tsaya share ƙasar gefensa ba. Ta cusa shebur a ƙarƙashinsa, ta danna da dukan ƙarfinta.

Ƙas! Sai ruwa ya feso mata a fuska.

Ashe ba zinariya ba ce. Mahaɗin tagulla ne na bututun da ke kai ruwa daga babban tanki zuwa kwamin tumaki. Ta ɓalle shi.

Ta toshe da hannu, ruwa ya fita ta tsakanin yatsunta. Ta waiga, ba kowa. Sai ta tura ƙasa cikin ramin, ta tattake, ta jawo busassun rassa ta rufe. Ta ruga gida ta ɓoye na'urar a bayan ƙofa.

Da rana Mama ta dawo ta ba ta burodi da naman rago mai sanyi. Ta kasa ci. Ta shiga ɗaki, ta fito. Ta leƙa taga. Ta ɗauki littafi, ta ajiye.

"Lafiyarki kuwa?" Mama ta tambaya.

"Zafi ne kawai."

Wajen ƙarfe huɗu Lachlan ya shigo a guje.

"Baba! Babu ko ɗigon ruwa a kwami. Tumaki sun taru suna ta kuka. Wasu 'yan raguna har sun kwanta."

Baba ya hau tudu ya ƙwanƙwasa tanki. Ya dawo fuskarsa a murtuke.

"Ruwa ya ragu sosai. Na rufe famfo. Bututu ya fashe a wani wuri."

Kaka ya cire hula ya share gumi. "Bututun nan ya fi kilomita biyu. Kafin mu gano wurin, gari ya waye. Ƙananan ba za su kai ba."

"Mu fara daga can wajen kwami," in ji Baba. "Lachlan, ɗauko mota."

Yarinyar ta san wajen kwami shi ne ya fi nisa da ramin. Ta ji kukan tumaki daga nesa. 

"Baba," ta ce a hankali. Bai ji ba. "Baba! Ba can ba ne. Bayan rumfa ne. Ni ce na fasa."

Baba ya juyo.

"Yaushe?" Baba ya tambaya.

"Tun da safe."

"Tun da safe! Kika yi shiru?"

Ta fashe da kuka. "Na ɗauka zinariya ce. Na ji tsoro."

"Kukan ya jira," in ji Kaka. "Wuce ki nuna mana."

Da aka janye rassan, wurin ya zama taɓo. Baba ya yanke bututun ya sa sabon mahaɗi, ita tana miƙa masa kayan aiki. Lachlan ya buɗe famfo. Daga nan suka hau mota zuwa kwami.

Ruwa ya fara zuba, tumaki suka yi ca a kai. 'Yan raguna uku sun kasa tashi. Yarinyar ta riƙa kai musu ruwa a bokiti, tana jiƙa musu baki, har suka miƙe ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya mutu.

A hanyar komawa Baba ya ce, "Fasa bututu kuskure ne, kowa na iya yi. Ni ma na taɓa yi da tarakta. Da kin faɗa nan take, bokiti biyu za mu rasa. Shirun da kika yi ne ya kusa kashe mana dabbobi."

"Ka yi haƙuri, Baba. Kaka, ka yi haƙuri."

"Na haƙura," in ji Kaka. "Amma na'ura za ta kwana goma sha huɗu a ɗakina. Ke kuma kullum da safe ke za ki duba kwami."

Haka aka yi. Kwanakin sun yi mata tsawo ƙwarai, amma ba ta tsallake ko ɗaya ba.

Da suka cika, Kaka ya kai ta tsohon rafi. Ya koya mata tafiya a hankali, faifai dab da ƙasa. Ya koya mata share ƙasa da yatsa ta ga abu tukuna, da mayar da kowane rami yadda ta same shi.

Kafin azahar ta tono wani ƙaramin maɓallin riga mai zanen jirgin ruwa. Kaka ya juya shi a tafinsa, ya ce maɓallin ya girme shi nesa ba kusa ba. Ta ƙanƙame Kaka tana tsalle.

Tun daga lokacin ta riƙe abu biyu. Kafin ta taɓa abin da ba ta sani ba, sai ta tambaya. In kuwa ta yi kuskure, nan take take faɗa, tun gyaransa bai yi wuya ba.