Jabanar Bayan Magariba

Hanadi na tsugune gaban murhun gawayi tana soya 'ya'yan gahawa, ƙamshi ya cika tsakar gidansu a unguwar Alhilla Kuku, sai ga raksha, ɗan keken haya mai ƙafa uku, ta tsaya a ƙofa. Tun daga waje ta jiyo dariyar mijinta. Dariya fa! Rabon da Muhajir ya yi dariya a gidan nan har ta manta.

Ya shigo da 'yan gajerun takunsa, yayarsa Nana A'isha na biye da jakar kayansa. Kwana uku kacal ya yi wurinta a Omdurman, amma ido ya washe, fuska ta yi fes.

"Ga amanarki na dawo miki da ita," in ji Nana A'isha. "Barci yake kamar jariri, wallahi. Daga isha'i sai kiran assalatu!"

"Ma sha Allah, Yaya," Hanadi ta ce, haƙora a waje, tana murmushin yaƙe.

Muhajir bakanike ne a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, irin wanda ke gane ciwon mota daga jin kukan injinta. Shekara uku da suka wuce hannunsa na dama ya soma karkarwa, har sufana ta riƙa suɓuce masa. Likita ya ce cutar Parkinson ce, ba a warkewa, sai dai a yi ta lallaɓa ta da magani. Karkarwar ba ta dami Hanadi kamar daren ba. Jikinsa ya sandare ya kasa juyawa, ya tashi fitsari sau huɗu, sannan ya kwanta yana kallon rufi har gari ya waye. Da rana kuwa sai gyangyaɗi. Ita ke juya shi, ita ke matsa masa ƙafa, ita ke rufe tagogi da rana don ya rama barcinsa. Amma duk wata in ya je ganin likita a Omdurman ya kwana gidan yayarsa, sai a dawo mata da labarin barcin jariri. Wace mace ce za ta ji wannan hankalinta ya kwanta?

Abu ɗaya Hanadi ke taƙama da shi wanda Nana A'isha ba ta isa ta taɓa ba: jabana, wato gahawa mai citta da ake dafawa a ɗan tulun ƙasa. Ranar da Muhajir ya fara zuwa gidansu gyaran motar mahaifinta, ita ta kawo masa. Ya sha finjali uku, ya manta da motar. Shekara goma sha biyu da aurensu ba ta taɓa fasa jabanar bayan magariba ba. Yanzu kuwa duk yabon da aka yi wa Omdurman, sai ta ƙara gahawa, ta ƙara citta, ta ƙara finjali. Ya karɓa da hannu biyu yana zuba rabi a jallabiya, ya kurɓa, ya ce, "Babu irin taki, Ummu Hala." Haka yake kiranta, ita kuma ta kira shi Abu Hala, saboda 'yarsu Hala. Nan kawai take samun sanyi.

Ran nan dai ta kasa haɗiyewa.

"Abu Hala, ka gaya min gaskiya. Me take ba ka a can?"

"Wa?"

"Wa kuwa! Yayarka. Rubutu ne? Turare ne? Ni da nake kwana a tsaye kanka, ni ce ba ka iya runtsawa kusa da ni?"

"Babu komai, Hanadi. Halas, ki bar maganar nan."

"Babu komai? To ka koma can mana, tunda gadona ƙaya ne!"

Ya sunkuyar da kai, hannun nan na ta kaɗawa a kan gwiwarsa. Ta shige ɗaki ta yi kuka mai isarta.

Bayan kwana biyar, da hantsi, barci ya sace shi yana tsaye bakin famfo. Ya faɗi, gira ta fashe, sai da aka yi ɗinki huɗu. Kafin la'asar Nana A'isha ta kira waya.

"Na yi magana da kawunnanmu. Juma'a mai zuwa zan zo in ɗauke shi. Zai zauna wurina."

"Kwana nawa, Yaya?"

"Ban ce kwana ba. Kina iya zuwa duba shi ke da Hala duk lokacin da kika so."

Duba shi! Mijinta, uban 'yarta, ta koma zuwa duba shi kamar maƙwabciya! Washegari ta kai Hala makaranta, ta yafa tob ɗinta, wato lafaya, ta hau motar hayis ta ƙetare gadar Shambat zuwa Omdurman. Duk tsawon hanya tana shirya maganganun da za ta yaɓa wa matar nan.

Ta tarar da Nana A'isha tana tsince alayyafo. Ko zama ba ta yi ba.

"Yaya, na zo ki nuna min abin da kike yi wa mijina."

Nana A'isha ta dube ta sama da ƙasa, ta ajiye faranti. "Yalla, zo ki ga asirin."

Ta nuna mata wani gajeren angarib, gadon igiya, a tsakar gida, da igiya ɗaure a jikin ginshiƙi wadda yake kamawa ya juya da kansa. "Nan yake kwana. Da sassafe rana ta same shi, mu taka har gidan burodi mu dawo. Bayan azahar ya kwanta rabin awa, in tashe shi ko yana zagina. Ruwa ya sha da yawa da rana, in dare ya yi kaɗan. Magani a kan lokacinsa. Ke kuwa kin kulle shi a duhu yana barci yini guda, me zai yi da dare?"

Hanadi ta ce, "Shi ke nan?"

Nana A'isha ta shiga ɗaki ta fito da takardar likita. Ta ɗora yatsa a layin farko. Hanadi ta karanta da Larabci: babu gahawa, babu shayi, daga azahar zuwa safiya. Ta duba kwanan wata. Shekara guda ke nan cur.

Ta zauna a kan angarib ɗin.

"Ya sani?"

"A gabansa aka rubuta."

"To me ya sa yake karɓa? Me ya sa bai taɓa—"

"Na tambaye shi. Kin san me ya ce? Ya ce, 'Yaya, ba na iya kawo mata cefane, ba na iya gyara mata ko ƙyauren ɗaki. Abin da ya rage min na miji shi ne in karɓi finjalinta in ce ya yi daɗi. Gara in kwana ido biyu da in mayar mata da shi.' Ya roƙe ni kada in faɗa miki."

Hanadi ta toshe baki da gefen tob ɗinta, kuka ya ƙwace mata. Ashe da hannunta take kore masa barci, kuma duk sanda kishi ya ci ta sai ta ƙara masa finjali! Can ta ɗago da jajayen idanu.

"Ke kuma, Yaya, shekara guda kina kallo? Har ya fasa kai?"

Nana A'isha ta kau da fuska. Da ta yi magana, muryar ta canza. "Ni na goya yaron nan bayan rasuwar mahaifiyarmu. Ran da ya aure ki ya daina cin tuwona ya ce ya ƙoshi. Da na ga ya fi barci a wurina... na ji daɗi, Hanadi. Roƙon da ya yi min ya zo min daidai. Allah ya yafe min."

Suka zauna gefe da gefe a kan gadon igiya, kowacce na share hawayenta. Babu wadda ta iya duban 'yar'uwarta.

Da magariba Muhajir ya zauna a tabarmarsa kamar kullum, filasta a gira. Hanadi ta fito da ɗan kofin madara mai ɗumi. Ya dubi kofin, ya dubi murhun da babu wuta, ya gane.

"Ta gaya miki."

"Ta gaya min. Abu Hala, ka zaci don ka yabi jabana nake zaune da kai?"

"Na ji tsoron ranki ya ɓaci."

"Ya ɓaci kuwa! Wallahi ka ƙara ɓoye min maganar likita, sai na... sai na..." Ta riƙe masa hannun nan mai karkarwa da nata biyu har ya shanye madarar. "Jabana ba ta mutu ba. Ta koma safe ne. Kuma wata mai zuwa da ni za a je wurin likita."

Ranar Juma'a Nana A'isha ta iso da hantsi, ta tarar an buɗe tagogi, an fito da angarib tsakar gida, Muhajir na zaune a rana da ƙurar hanya a takalminsa. Tulun jabana na kan gawayi, finjali uku a tire. Ta dubi na ukun, ta ajiye jakarta, ta zauna. Ba ta ta da maganar ɗauke shi ba, kuma ba wanda ya tuna mata.

Barci bai zo a daren farko ba, ko na biyar. Cutar ma tana nan, hannu bai daina karkarwa ba. Amma a mako na uku kiran assalatu ya tashi Hanadi, ta ji wani sauti da ta daɗe ba ta ji ba a gidanta: minsharin Muhajir. Ta zauna bakin gado tana saurare, tana dariya tana hawaye, har sai da ta kusa makara.

'Yan'uwa masu jinya, kishi ba ya jinyar kowa. In mai ciwonku ya fi samun sauƙi a hannun wani, kada ku tsaya zargi, ku sauke girman kai ku je ku tambaya me ake yi masa. Ku kuma masu ciwo, kada kunya ko tausayi su sa ku ɓoye wa masu kula da ku abin da likita ya faɗa. Hanadi ta yi haƙuri ta tambaya, Allah ya bar mata mijinta a ɗakinta, ya ƙara mata da yaya.