Tanwa Ba Ta Durƙusawa

"Durƙusa, Tanwa... don Allah ki durƙusa."

Gwiwoyin Ibidun biyu suna ƙasa a falon Mama, mahaifiyar Bankole, hannunta ɗaya a kafaɗar 'yarta. Yarinyar kuwa tana tsaye ƙiƙam, ta kafe fanka da ido. Shekararta bakwai, ba ta taɓa cewa ko "Mama" ba, balle ta san tsohuwar da ke hakimce a kujera ita ce za ta ce a yi auren uwarta ko a fasa.

Mu nan Abekuta, yaro ya yi ƙarya ko ya fasa kwano duk ana yafewa. Amma ya tsaya a kan babba ba gaisuwa, to uwarsa ce ba ta da tarbiyya. Shi ya sa Ibidun ta yi makonni tana koya mata. Ta dawo daga wajen rini a gajiye liƙis, hannuwa shuɗi, ta kama kafaɗar yarinyar tana dannawa har abinci ya huce.

Sai ga Remi, 'yar aminiyar Mama, wadda Mama ta daɗe tana yi wa Bankole sha'awarta. Ta zube a gaban tsohuwa da tiren ruwa, irin zubewar da ake yi don a gani.

"Ayya, Mama, a ƙyale ta. Irin waɗannan yaran ba sa ji... Na ma ji an ce a jini abin yake."

Kunya ta rufe Ibidun. Ba ta san sanda ta danna kafaɗar 'yarta da duk ƙarfinta ba.

Tanwa ta ƙwalla ƙara, ta faɗi tana dukan kanta da hannu biyu.

Mama ta jira ihun ya lafa, sannan ta dubi ɗanta.

"Bankole, matar ba ta da laifi, ta iya gaisuwa. Amma a kai yarinyar ƙauye wajen dangin ubanta kafin biki."

"Mama, su ne fa suka kore su."

"To ka gani? Sun san abin da suka gani."

Ibidun ta miƙe. Ta goya 'yarta, ƙafafun yarinyar suna reto har gwiwarta, ta fita.

A gida, da ta cire mata riga, ta ga sawun farce a kafaɗar, ya yi jawur. Ta zauna daɓas a bakin gado tana kallonsa. Uban yarinyar ya gudu, dangi sun janye, duk ta haɗiye, amma yau da hannunta ta ji wa Tanwa ciwo don ta sami miji. Wannan kam ya ƙi haɗiyuwa.

Waya ta yi ta ruri kafin ta ɗauka.

"Ibidun tawa, ki saurare ni..."

"Yaya Bankole, ka auri Remi. Gwiwarta lafiya lau."

"Abar ƙaunata, fushi kike da ni?"

"Da kaina nake. Na gaji, wallahi na gaji. Ka bar ni da 'yata."

Ta kashe wayar.

Ranar Asabar ta tafi makarantar su Tanwa kamar kullum. A can iyayen yara masu irin wannan lalura suke haɗuwa su yi abin da suke kira adashen barci: wasu su riƙe yaran duka a tsakar gida, waɗanda ɗauka ta zo kansu su shiga aji su miƙe a tabarma. A nan ma ta fara ganin Bankole, kafinta ne, ya zo gyaran benci ya iske mata suna minshari da rana tsaka.

Iya Segun ce shugabarsu. Ɗanta ya kai ashirin, har yau ita ke yi masa wanka, bakinta kuwa ba linzami.

"Ke, mai hannun shuɗi, ɗaukarki ce yau. Me kike yi a tsaye?"

"Barcin ba ya zuwa, Iya."

"Dama ina zai zo? Kin kori mutum kin zauna kina kumbura. Ga shi can bakin ƙofa tun safe, kamar wanda aka ba gadi."

Bankole ne, ya rame. Ibidun ta so ta ɗauke kai, ta kasa.

"Maman Tanwa," ya ce a hankali, "na yi ta zarya wajen Mama. Na kwanta, na roƙa, ta ce sai dai bayan ranta. Remi kuma kullum da kular abinci, kullum ina mayar mata a rufe."

"To me ya kawo ka?"

"Wa ya ce ki koya wa Tanwa durƙuso? Ni na ce?"

"Garin nan ne ya ce."

"Ba garin zan aura ba. Kawuna ya yarda zai tsaya mini. Ki ba ni dama kawai."

Ta yi dariyar da ta fi kuka ciwo.

"Ranar neman aure ka kwanta a gaban wa? Iyayena sun rasu. Yayyena tun da aka gane lalurar Tanwa ba sa ɗaukar wayata. Ba ni da dangin da za ka roƙa."

"Mu mutuwa muka yi?" Iya Segun ta faɗa daga bayansu, ashe duk a kunnenta. "Kai, kafinta, ka tanadi kayan neman aure, doyarka da zumarka. Amma sai ka fara shiga adashe, mu ga irin ƙashinka."

Ya kuwa shiga. Asabar bayan Asabar yana tsakar gida, an cije shi, an yi masa amai, wani yaro ya jefa hularsa a rijiya. Tanwa ba ta taɓa kallonsa ba, shi kuma bai taɓa kama ta ba. Zama kawai yake yi nesa kaɗan yana goge katako, tana sauraren ƙarar.

A zauren makarantar aka yi neman auren, da la'asar. Ba ganga, ba lasifika, saboda yara. Tsofaffin unguwa suka ce wannan ba biki ba ne, zaman makoki ne. An ajiye wa Mama kujera a gaba, har aka fara ba wanda ya zauna a kai. Ibidun ta ga yadda Bankole ke satar kallon ƙofa, tausayinsa ya kama ta.

Da lokaci ya yi, kamar yadda mai neman aure ke yi a nan, ya miƙe rub da ciki a siminti da babbar rigarsa, a gaban jerin matan nan masu kumburarrun idanu.

"Me ka zo nema a gidanmu?" in ji Iya Segun.

"Mata da 'ya, Iya."

"Ba ma raba su fa."

"Ban zo a raba ba."

Kafin ta sake magana, Tanwa ta zame daga jikin uwarta. Ta riga ta yar da takalma. Ta ratsa mutane ba ta kalli kowa ba, ta kwanta a gefensa, kumatunta a siminti, ta riƙe bakin hannun rigarsa.

Ibidun ta toshe bakinta, hawaye na bin yatsunta.

"An ba ka, ɗana, tashi," kawunsa ya ce, ganin Iya Segun ta gyaɗa kai.

"Kawu, ba yanzu ba," Bankole ya amsa ƙasa-ƙasa, ko kai bai ɗaga ba. "In na motsa za ta saki."

A haka aka sa musu albarka, ango da 'yarsa suna kwance a ƙasa.