Ranar da Ba a Shara

A wani birni, an gayyaci yara gidan tarihi don bikin sabuwar shekarar mutanen Sin. Wata tsohuwa 'yar Sin tana koya musu yin fitila da jar takarda. Suna yanka, guntaye na zuba.

Wata yarinya ta tuna tarbiyyar gida, ta ɗauko tsintsiya.

Tsohuwar ta riƙe hannunta. "Jikata, yau ba ma shara, kada mu share arzikin shekara."

Yara suka ce, "Sannu, sarkin shara!"

Yarinyar ta ji kunya, amma ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Yi haƙuri, Kaka." Ta durƙusa ta tsince guntayen da hannu, ta manna su jikin fitilarta.

Tsohuwar ta rataye fitilar a tsakiyar ɗaki. Ta ce, "Na gode, jikata. Arzikinmu ya kwana gida."