Titin da Babu Yara

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar da kowa yake ce wa Aku. Dalili kuwa, ba ta jin murya sau biyu. Da ta ji sau ɗaya, ta ɗauke ta ke nan. Tana yin muryar shugaban makarantarsu har da tarinsa. Ko kukan ƙofar ɗakin girki ba ta ƙyale ba.

Tana da ƙane ɗan shekara uku, ana ce masa Auta. Shi ne babban ɗalibinta. Duk abin da ta yi, sai ya yi.

Wata rana Baba ya dawo daga aiki da labari.

"Mai gidan nan zai rushe shi ya gina shaguna," in ji shi. "Kafin ƙarshen wata dole mu tashi."

Mama ta ajiye tsintsiya. "To, sai ina?"

"Dillali ya samo mana gida biyu. Ranar hutu za mu je mu gani."

Ranar hutu suka shirya su huɗu. Dillali ya zo, wani dogo mai tarin makullai a hannu. Idan yana magana, sai ya riƙa kaɗa su.

Gida na farko yana cikin wani lungu da ba ya ɓullewa. Tsohon gida ne mai ɗaki biyu. Fentinsa ya koɗe. Yara sun cika lungun suna ƙwallo, ihu kamar kasuwa.

A bakin lungun akwai wata mai ɗinki zaune a ƙofar shagonta. Tabaraunta yana kan hanci. Ƙafarta tana kan keke, idonta yana kan hanya.

"Ke! 'Yar gidan wa ce ke?" ta ce wa Aku. "Wurin wa kuka zo? Wannan ƙanenki ne? Ba kya ganin igiyar takalminsa ta kwance? Tsuguna ki ɗaure masa!"

Aku ta tsuguna tana turo baki. A ranta ta ce, wannan mata akwai sa ido. Amma ta ɗauke muryar tsaf, ta adana.

Gida na biyu kuwa, sai wanda ya gani. Bene ne, fari fat. Katangarsa doguwa ce, ƙofarsa ta ƙarfe. Titin gabansa shimfiɗaɗɗe ne, babu kowa a kai.

Dillali ya kaɗa makullai. "Ranka ya daɗe, unguwar manya ke nan! Ka ji shiru? Ko sauro sai ya nemi izini kafin ya shigo."

A sama akwai wani ƙaramin ɗaki mai taga. Mama ta ce, "Idan mun zauna nan, wannan naki ne."

Aku ta kusa tashi sama don murna. Ɗakinta ita kaɗai! Babu Auta da ke shurinta cikin barci.

Baba ya fara duba makullai da ƙarafunan taga. Auta ya fara rigima. Mama ta ce, "Fita da shi bakin ƙofa. Ki riƙe hannunsa. Ki kuma buɗe ido, ki gaya mana abin da kika gani."

Suka fita. Aku ta ɗaga kai tana neman tagar ɗakinta. Tana cikin tunanin kalar labulen da za ta sa, ta saki hannun Auta.

Auta ya hango marfin kwalba a tsakiyar titi. Ya taka ya nufe shi.

Sai ga babur ya karyo kwana a guje. Ƙiiii! Taya ta ja a ƙasa. Babur ya tsaya dab da Auta, har iskarsa ta kaɗa masa riga.

"Kai! Ɗan wa ye wannan?" mai babur ya daka tsawa. "Ku riƙe yaranku mana!"

Ya ja babur ɗinsa ya wuce. Aku ta fizgo Auta daga titin.

"Yau ma ai hutu ne," wata murya ta ce.

Aku ta waiga. Wata yarinya ce sa'arta a gidan da ke kusa. Tana leƙe ta tsakanin ƙarafunan ƙofarsu.

"Ranar aiki, idan babban titi ya cushe, duk nan suke yankewa," in ji yarinyar. "Mu ba a barin mu fita. A gaban ƙofarmu aka buge yayana. Har yanzu yana ɗingishi."

Aku ta dubi titi. Ta dubi tagar ɗakin sama. Idan ta faɗa, za a yi mata faɗan sakin hannu. Ɗakin ma ya tafi.

Ta tsuguna gaban Auta. "Auta, kada ka gaya wa Mama. Ka ji? Zan ba ka alawa. Guda biyu."

Auta ya gyaɗa kai.

Da suka koma gida, Baba ya ce, "Ni dai mai benen ya kwanta mini. Ɓarawo ba zai haura katangar nan ba. Ga fitila a titi."

Mama ta ce, "Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Ban ga yaro ko ɗaya a waje ba. Ina yaran unguwar? Aku, ke da kika tsaya a ƙofa, me kika gani?"

"Babu komai, Mama. Shiru ne kawai."

Ta ga Mama za ta ƙara tambaya. Sai ta yi maza ta ɗauki tabaraun Baba ta ɗora a kan hanci. Ta zauna tana taka keken da babu shi.

"Ke! 'Yar gidan wa ce ke? Me kuka ci jiya? Nawa ne albashin ubanki?"

Baba ya yi dariya har da hawaye. Mama ma ta dara. Tambaya ta bi iska. A ranar Baba ya kira dillali ya ce mai benen suke so.

Aka fara ɗaure kaya. Kwalaye suka cika falo. Wata yamma Mama tana naɗe kofuna da tsofaffin jaridu, Aku tana miƙa mata. Auta ya shiga wani kwali ya mai da shi babur.

"Buuuu! Ƙiiii!" ya yi ihu. Sai ya kumbura kumatu ya yi muryar ƙato. "Kai! Ɗan wa ye wannan? Ku yiƙe yayanku mana!"

Mama ta yi murmushi. "A ina ka koyo wannan?"

Auta bai gama ba. Ya fito daga kwali ya tsuguna. Ya ƙanƙance murya, ya ɗaga ɗan yatsa.

"Auta, kada ka gaya wa Mama. Ka ji? Zan ba ka ayawa. Guda biyu."

Muryar Aku ce sak. Har da yadda take karkata kai.

Mama ta ajiye kofi a hankali.

"Mene ne ba za a gaya wa Mama ba?"

Duk muryoyin da Aku ta iya, babu wadda ta zo mata. Da tata muryar ta faɗi komai: babur, da yarinyar da ke bayan ƙofa, da yayanta mai ɗingishi.

Mama ta jawo Auta ta rungume shi. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Ɗaki kika zaɓa, kika bar ƙanenki?"

Da duka aka yi wa Aku, da ya fi mata sauƙi.

Da Baba ya ji, sai ya ce, "Gani ya kori ji. Gobe idan an tashi makaranta, ni da ke za mu koma."

Washegari suka tsaya a ƙofar farin gidan. Aku ba ta gane titin ba. Babura suna wucewa kamar ƙudan zuma. Motoci suna bin su suna danna hon. Babu inda mai tafiya a ƙasa zai raɓe.

Baba ya nuna mata wani shago a tsallake. "Idan Mama ta aike ki can, ta ina za ki bi?"

Aku ta jira a sami sarari. Ta jira, ta jira. Ba a samu ba.

"Ba zan iya ba, Baba."

"Ke ke nan, 'yar aji biyar. To, Auta fa?"

Hawaye ya zubo mata. "Ka yi haƙuri, Baba."

"Ni ma da nawa laifin," in ji Baba. "Ɓarawo kaɗai nake tunani. Na duba katanga, ban duba titi ba. Na zo ranar hutu, ban dawo ranar aiki ba. Shi ya sa muka tambaye ki. Ke ce idonmu a waje."

Ya kira dillali ya ce sun fasa, gidan lungu suke so. Aku tana jin muryar dillalin daga waya. Duk zaƙin nan ya gudu.

"Haba, ranka ya daɗe! Ai wancan wani ya riga ya ce yana so. Kun makara."

Baba ya sa waya a aljihu. Ƙarshen wata ya matso. Kaya suna ɗaure. Ga shi babu gida.

"Ni na ja mana," in ji Aku.

"E, ke kika ja," in ji Baba. "Amma tsayuwa a nan ba za ta gyara ba. Mu je mu ji da kunnenmu."

Suna shiga lungun, keken ɗinki ya tsaya.

"Ke! Ba ke ce yayar mai kwantaccen takalmi ba? Ina kika baro shi? Me ya sa idonki ya yi ja?"

Aku ta gaishe ta da ladabi. Baba ya yi mata bayani.

Mai ɗinki ta tura tabarau sama. "Wanda ya ce yana so? Ai ya fasa tun jiya. Ya zo da wata ƙatuwar mota, ta ƙi shiga lungun. Ya yi gaba, ya yi baya, ya yi gumi, ya tafi. A kan idona aka yi."

Ta leƙa waje ta ƙwala kira. "Kai mai jar riga! Ajiye ƙwallon nan, ruga ka kira mai gidan can. Ka ce ni ce."

Mai gidan ya zo, suka daidaita da Baba. Amma Baba bai tafi nan take ba. Ya tsaya ya ga yadda lungun yake da yamma. Ya tambayi maƙwabta ko ruwa yana kwanciya idan an yi ruwan sama. Ya zagaya ya ga hanyar makaranta. Sannan ya ce, "To, yanzu na gani."

Suka tare kafin wata ya ƙare. Aku da Auta ɗakinsu ɗaya. Har yanzu yana shurinta cikin barci. Amma kullum da yamma yana waje cikin yara, yana bin ƙwallo. Idan ya nufi bakin lungu, sai a ji murya daga shago.

"Kai, Auta! Ina za ka? Koma!"

Shi kuwa sai ya koma.

Wata rana Aku tana yi wa sababbin ƙawayenta muryar mai ɗinki. Ashe matar tana bayanta.

"Ba haka nake yi ba," in ji ta. "Ƙara ɗaga hancin."

Aku ta ƙara. Mai ɗinki ta yi dariya har tabarau ya faɗo.

Tun daga lokacin Aku ta riƙe abu biyu. Wanda zai zaɓi gida, kada ya tsaya a fenti da katanga. Ya dubi titi, ya tambayi mutanen wurin, ya koma a wani lokaci dabam. Na biyu kuma, idan ka ga haɗari, ka faɗa wa manya, ko da za ka rasa abin da kake so. Ɗaki ana samun wani, ƙane kuwa ba a samun madadinsa.