Babban Yatsan Malam Idrisu

Ɓatan hanya ne ya kawo Mas'uda gaban Aslam. Ta ga an rubuta fansho a allon ƙofar ginin, ta kama bene har hawa na uku, ambulan a hannu, lemarta tana ɗiga a kan tayil. Shi kuma yana lungun da ake jibge 'yan koyon aiki, kusa da injin fotokwafi, idonsa ya yi ja don kallon kwamfuta.

"Abeg, na here dem dey do thumbprint?" ta tambaya.

"A ƙasa ne," ya amsa da Hausa, don ya ga lallen hannunta. "Mu nan shawara kawai muke bayarwa."

"Au, ashe ɗan gida ne. To shawarci ƙafafuna, sun gaji."

Sati biyu ke nan da zuwansa Fatakwal daga jami'a, aikin wata uku na dogon hutu, a wani kamfani mai nuna wa masu riƙe da kuɗin fansho inda ya kamata su zuba su. Shi dai nasa tattara alƙaluma ne ya jera a jadawali, Madam shugabarsa ta duba ta ce a sake. An ce wanda ya fi ƙwazo za a ajiye masa gurbi. Har ranar bai taɓa ganin ɗan fansho ido da ido ba.

Ya raka ta ƙasa, ya ga ɗan fansho na farko. Mahaifinta ne, Malam Idrisu, zaune a benci. Shekara ashirin da shida ya yi yana gadin wani kamfanin katako, kuma ba za a fara biyansa ba sai na'ura ta ɗauki zanen yatsansa. Zuwansa na huɗu ke nan, ita kuwa yau ta fara biyo shi. Ya ɗora babban yatsa, fitila ta kawo ja, na'urar ta ƙi karɓa, ya miƙe.

Kafin su fita Aslam ya karɓi lambarta, wai ko zai ji wani labari. Shi da ita duk sun san ba labarin fansho ba ne.

Da yamma ya rubuta mata: "Mai Lema, kin bar mana ruwa a ofis, har yanzu ban bari an goge ba."

Ta mayar: "Ɗan Bene, ka goge kada Madam ta zame, a ce Bahaushiya ce."

Haka aka fara. Takan fito daga shagon ɗinkinta na kusa da kasuwar Oil Mill, shi ya sauko daga okada da jiƙaƙƙen takalmi, su tsaya ƙarƙashin rumfa kowa yana hamma.

"Ka rame," ta ce masa wata rana.

"Ke ce kike hana ni cin abinci."

"Ƙarya kake, jadawali ne."

"To rabi ke, rabi jadawali."

Da abin ya yi nisa, ya je gaishe da Malam Idrisu. Ya durƙusa, aka yi gaisuwa mai tsawo, har ruwan sama sai da aka tambayi lafiyarsa. Sannan tsohon ya dube shi.

"Kai ne na fanshon?"

"Baba, koyon aiki nake. Ba mu ne masu biya ba."

"Gini ɗaya ne. Kuna sama kuna juya guminmu, muna ƙasa a kan benci. Ba zan yi wa Mas'uda dole ba, amma bakina ba zai sa albarka a kan mutanen ginin nan ba."

Mas'uda kuwa ta riga ta faɗa masa, auren da babu albarkar Baba ba za ta yi shi ba. Ga kuma Gimba, wani dillalin shanu daga Anacha mai neman aurenta, da yake zuwa duk sati biyu da buhun shinkafa yana cika bakin ya san wani a ciki, zai sa a biya tsohon. Wata uku ana jiran wanin nan nasa, bai ɓullo ba.

Aslam ya koma ɗaki zuciyarsa a jagule. Abin da ya tsaya masa a rai hannun tsohon ne. Ya gan shi da kyau lokacin gaisuwa, yatsun sun yi sumul kamar tsohon sabulu. Tun da ya bar gadi, Malam Idrisu yake aikin zuba wa fatu gishiri a kwata, inda ake yanka dabbobi.

Washegari ya tambayi matar da ke kan na'urar.

"Na salt chop the finger," ta ce. "Make Baba rest the hand one month, dey rub oil."

Ya kai wa tsohon maganar a kwata: gishiri ne ya cinye zanen yatsan, sai ya hutar da hannun wata guda yana shafa mai. Malam Idrisu ya yi dariyar da ba ta daɗi ba.

"In huta wata guda? Gidan ya ci me?"

"Ni zan yi, Baba. Daga asuba zuwa takwas. Kai ka zauna ka nuna mini."

Tsohon ya daɗe yana kallon farar rigarsa. "Kwana biyu za ka yi ka gudu. Amma ko ka yi ko ka gudu, kada gidana ya ji wani yana yi mini aikina."

Wanda bai taɓa jan ɗanyar fatar sa ba bai san nauyi ba. Aslam ya shimfiɗa, ya kankare, ya murza gishiri da tafin hannu, tsohon yana gefe da man kaɗanya a yatsu yana gyara masa. Gishirin ya shiga duk inda wuƙa ta karce. Ƙarfe takwas ya watsa ruwa a guje, ya isa ofis a makare, abokan aiki suna matsar da kujerunsu. Sau biyu Madam tana kama shi yana gyangyaɗi a kan jadawali.

Waya ma ta gagare shi, don taɓa gilashin zafi yake yi masa. Ranar sha biyu saƙonta ya shigo: "Aslam, in maganar Baba ta kore ka, ka faɗa mini. Na gaji da leƙen titi. Gimba ya zo jiya, ban fito ba, amma ban san don wa nake ƙin fitowa ba."

Ya karanta ya ji kamar ya yi kuka. Da ɗan ƙaramin yatsa ya rubuta: "Don ni ne, Mai Lema. Ki ƙara mini kwana goma sha takwas."

Ba ta amsa ba. Ya ci gaba da zuwa kwata.

Ranar da wata ya cika, Mas'uda ta rako mahaifinta, ta wuce Aslam a ƙofa ko kallonsa ba ta yi ba. Malam Idrisu ya yi bismilla ya ɗora yatsa. Fitila ta yi jim, ta kawo kore. Tsohon ya zauna a bencin da ya tsana, ya rufe fuska da hularsa.

Aslam bai tsaya ba, don ya makara. Ya hau bene da ƙyar, ya ɗora yatsansa a na'urar da ke buɗe wa ma'aikata ƙofar ofis. Ja. Kwana uku ke nan tana yi masa haka, sai ya jira wani ya buɗe. Yau Madam ce ta buɗe, ta gaya masa a tsaye, cikin tausayi, cewa gurbin an ba wani daga cikin 'yan koyon aikin. Ta koma ciki, ƙofa ta rufe.

Ya sake ɗora yatsan, don bai san abin da zai yi ba. Ja.

"Kawo hannun nan."

Malam Idrisu ne a bayansa yana haki, ya hau hawa ukun da bai taɓa hawa ba, Mas'uda tana riƙe da shi. Ya juya tafin hannun Aslam, ya shafa yatsun da suka yi sumul.

"Mas'uda, zo ki gani. Wata guda yaron nan yana cikin gishirina, ni na hana shi faɗa." Ya dubi Aslam. "Na ji abin da matar nan ta ce. Ɗana, ka turo manyanka."

Mas'uda ta kama bakin mayafinta, hawaye suna zuba. "Ɗan Bene, da wannan hannun kake rubuto mini?"

"Da ƙaramin. Shi ne ya rage."

Bayan shekara guda, da ya gama karatu ya sami wani ɗan aiki, aka ɗaura aure a masallacin unguwa, ana yayyafi. 'Yan uwa suka zo daga Inugu da Anacha. Malam Idrisu bai saki hannun angon ba har aka shafa fatiha.

"Allah ya yi muku albarka," ya ce. "Ya hutar da ku kamar yadda ka hutar da ni."

Aka amsa da amin.