Asirin Da Na Yi Baibai

"Mene ne wannan, Tahlia?"

Saurayina Kieran ya dangwarar da wata kwalbar zuma a kan tebur, har cokula suka yi tsalle. Ranar Lahadi ce, muna bayan gidan mahaifiyarsa a Ballarat, naman rago na ƙonewa a kan wuta babu mai kula shi.

Na san kwalbar mana. Ni na cika ta da hannuna wata takwas da suka wuce. A ciki akwai takarda mai sunansa, da jan zare, da gashin kansa sili uku da na tsince a hularsa.

"A ina ka samo?"

"Abin da ya dame ki ke nan? A ina na samo?"

Na waiwaya. Shona na tsaye bakin ƙofa riƙe da kwanon salak, ta wani sunkuyar da kai kamar mutuniyar kirki. Shonar da muke haya gida ɗaya! Ita ta fara kai ni wajen Goggo Narelle mai koya mana Wika, addinin nan na masu tsafi, kuma ita kaɗai ta san inda nake ɓoye kayana.

"Munafuka! Har cikin akwatina kika shiga?"

"Gaskiya na faɗa," ta ce. "Shekara shida na san Kieran. Rana ɗaya ya daina ganin kowa sai ke. Ashe ba banza ba."

"Ban faɗa maka ba?" Mama Glenda, mahaifiyarsa, ta dafe ƙirji. "Tun ranar da na ga sarƙar nan mai tauraron matsafa a wuyanta na ce mayya ce! Ta mallake min ɗa!"

"Mama, ya isa!"

Kieran ya juyo gare ni, idanunsa jawur.

"Zobe na saya, Tahlia. Yana aljihuna yanzu haka. Ki faɗa min... ni ne nake sonki, ko kwalba ce?"

Abin da ya fi ƙona min rai, ni kaina ban san amsar ba. Wata takwas duk sanda ya ce "masoyiyata" sai in tuno akwatin nan.

Na fizgi jakata na fita.

Ban zame ko'ina ba sai Daylesford. Na iske Goggo Narelle durƙushe a lambunta tana cire ciyawa.

"Goggo, ki koya min abin da zan yi wa Shona bakinta ya karkace!"

Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Sannu da zuwa, sarauniyar matsafa. Me Shonar ta yi?"

Na zayyane mata komai, ina yi ina huci. Da na zo kan kwalbar sai ta ajiye ƙaramar fartanyarta, ta miƙe a hankali. Tsohuwar nan ba ta kai kafaɗata ba, amma sai da na ja da baya.

"Me na fara koya miki ranar da kika shigo da'irar ɗalibaina?"

"Kada in cutar da kowa."

"Sai me?"

"Kada in taɓa zuciyar mutum ba da izininsa ba."

"To uban wa ya aike ki?"

"Kafin in zo wajenki ne! Satina biyu da fara koyo ni kaɗai, a littafi na gani..."

"Littafi! Kowace yarinya ta sayi kyandir biyu da littafin gwanjo, shi ke nan ta zama gwana. Shona ta yi tonon asiri don baƙin ciki, zan ji da ita. Amma ke kika yi ɓarnar, mara kunya!"

Ta wanke ni tas, sannan ta nuna min filin ciyawa.

"Nuna min yadda kika yi. Tun daga farko."

Na tsaya a gabas yadda littafin ya ce. Na ɗaga hannu, na fara zagaye, ina bin yadda hannun agogo yake tafiya.

"Tsaya! Haka kika bi?"

"Haka aka rubuta. Sau tara."

Ta dube ni, ta dubi sama. Sai ta fashe da dariya, har da zama daɓas a kan ciyawa tana share hawaye. Ni kuwa kamar in shaƙe ta.

"Goggo, rayuwata ta lalace kina dariya?"

"Littafin na wace ƙasa ne?"

"Ingila."

"Ɗaga ido, sakarya. Ina rana take?"

"Arewa."

"To su tasu ta kudu take bi, shi ya sa suke bin agogo. Mu nan a kudancin duniya muke, tamu ta arewa take ratsawa, saɓanin agogo. In za ki jawo abu, bayan rana ake bi. In za ki kori abu, sai ki saɓa mata. Korar yaron nan kika yi, Tahlia! Sau tara!"

Kwana uku ina kiran Kieran bai ɗaga ba. Ran na huɗu da safe na faɗa shagonsa na kafinta, na kashe masa injin yankan katako da kaina.

"Ke! Kina da hankali kuwa?"

"Ba ni da shi! Saurara!"

Na faɗa masa zancen rana da agogo. Ina jiran ya saki fuska, sai ma ya ƙara ɗaure ta.

"Wato rashin iyawarki ne ya cece ni? Niyyar fa? Kin tsinci gashina kamar na kare, kin cusa a kwalba!"

"Eh, na yi! Kuma na yi laifi, ka yafe min!" Da ihu na faɗa, don ban iya ba da haƙuri a hankali ba. "Amma kai ma ka ji naka! Wata biyu cur kana zuwa shagon da nake aiki, ka sayi kofi, ka tsaya kana kallona kamar gunki, ka fita. Ko sunana ba ka tambaya ba! In yi yaya?"

"Ba na shan kofi!"



"Me ka ce?"

"Ba na sha! Ciwon kai yake sa ni. Kullum a tukunyar furen ƙofar shagonku nake juye shi."

"Kai ka kashe mana furen nan? Ni aka yi wa faɗa!"

Muka tsaya muna hararar juna, ƙurar katako na sauka a kanmu. Ni na fara lissafawa, shi ma na ga yana yi. Wata biyu yana kashe fure kafin in taɓa kwalbar zuma.

Ya zauna a kan benci ya rufe fuska da tafin hannu.

"Kwana huɗu ban yi barci ba," ya ce. "Ina ta cewa in asiri ne, to kada ya karye."

"Kieran..."

"A'a. Ba ki gama ba. Abin da kika tambayi kwalba, ki tambaye ni da bakinki."

Kai, namijin nan ya iya ramuwa! Na haɗiye girman kaina da ƙyar.

"Kana sona?"

"Ban ji ba."

"Na ce kana sona, ɗan rainin hankali?"

"Tun kofin farko, masifaffiyata."

Shona ta kwashe kayanta ƙarshen watan, ban taya ta ɗaukar ko cokali ba. Kwalbar kuwa ni da Kieran muka juye ta a gindin bishiya, Goggo na tsaye a kanmu tana mita.

Farkon Nuwamba, lokacin furanni, aka ɗaura mana aure irin na Wika a lambunta. Mama Glenda ta zo, ta zauna a gaba riƙe da gicciyenta, tana kallona kamar zan tashi sama. Goggo ta naɗe hannuna da nasa da igiyar alharini, ta ce mu zagaya da'irar da ta zana a ƙasa.

Na ɗaga ƙafa na nufi inda hannun agogo yake bi.

Igiyar ta fizgo ni baya. Kieran ya sunkuyo daidai kunnena.

"Sau tara kika kore ni ban tafi ba. Kada ki gwada na goma."