Mai Neman Sunansa

An zargi Tasalla da goge bayanan marasa lafiya a wani ƙaramin asibitin kuɗi da ke Rogo, har an ce gobe za a kore ta. Shi ya sa yayanta Bahauddeen, mai binciken kwamfuta, ya taso daga Karaye bayan isha'i, aka bar shi shi kaɗai a ofishin.

Ya sa manhajarsa ta tattaro duk sawun da kwamfutar take ajiyewa, ta jera masa su bi da bi. Abin da ya gani ya hana shi sukuni. Kullum sai tsakar dare ake shiga, ofis a kulle, a yi ta buɗe sunaye ana gogewa. Ya tashi ya leƙa waje, ya dawo ya zauna, ya sake miƙewa.

Sai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika ɗakin, ga shi ba damina ba.

"Salamu alaikum. Sannu da aiki."

Wani dattijo ne tsaye a bayansa, kuma bai ji motsin ƙofa ba.

"Wa alaikumus salam, Baba. Kai ne maigadi?"

"A'a, ɗana. Sunana nake nema. A nan aka kwantar da ni, har yau ba a sallame ni ba."

Bahauddeen ya sunkuyar da kai don kada su haɗa ido. Nan ya ga ƙafafun dattijon, manyan yatsun biyu ɗaure da farin ƙyalle, irin ɗaurin da aka yi wa mahaifinsu ranar da aka yi masa sutura.